Babi na Huɗu: Belvedere, Gidan da Aka Gina Don a Gani

A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 1697 wani sarkin yaƙi ɗan shekara 34 ya sayi fili mai gangare a kudancin ganuwar birnin Biyana, daf da hanyar da fatake da sojoji ke bi zuwa Hangari. Da a ce shekara ashirin kafin nan ya yi wannan ciniki, da mutanen gari sun ce ya zubar da kuɗinsa. A wancan zamani mai hankali ba ya kashe dukiya a bayan ganuwa, domin sau biyu rundunar Daular Usmaniyya ta Santambul tana zuwa ta yi wa birnin zobe. Na farko a 1529, zamanin Sarki Sulaiman. Na biyu a 1683, ƙarƙashin babban waziri Kara Mustafa, wanda ya tsare birnin wata biyu cur. Kafin rundunarsa ta iso, masu tsaron garin da kansu suka cinna wa unguwannin bayan ganuwa wuta, don kada abokan gaba su sami maɓoya.

Wanda ya sayi filin kuwa ya san abin da ya taka. Wata biyu da rabi kafin cinikin, ranar 11 ga Satumba, shi ne ya afka wa rundunar Turkawa tana tsakiyar ƙetare kogin Tisza a kusa da garin Zenta, ya yi mata mummunar ɓarna. Daga wannan rana Biyana ta daina kwana da fargaba, kuma manyan gari suka shiga rige-rigen gina gidajen shan iska a kan tokar unguwannin da aka ƙone. Akwai wani abu da ya yi tsakanin yaƙin da sayen filin, wanda ya kamata mai karatu ya riƙe, domin za mu sake cin karo da shi. A watan Oktoba ya kutsa Bosniya da 'yan dubban mayaƙa, ya ƙone birnin Sarajevo, gidaje da kasuwanni da masallatai.

Sunansa Yarima Eugene na gidan sarautar Savoy. A Faris aka haife shi a 1663, ya tashi a gindin fadar Sarki Louis na 14. Gajere ne, siriri, ba shi da cikar zati, saboda haka danginsa suka tsara masa aikin coci. Mahaifiyarsa ta gudu daga Faransa a 1680 bisa zargin hannu a wata badaƙalar guba da ta girgiza fada. Da yaron ya nemi Sarki Louis ya ba shi jagorancin rukunin sojoji, sarki ya hana. Sai ya sulale daga Faris a 1683, aljihu wayam, ya kai kansa ga Sarki Leopold na 1 na gidan Habsburg, a daidai lokacin da ake neman duk wanda zai iya riƙe takobi. Yaƙinsa na farko shi ne na kwance zoben Biyana. Daga nan ya yi wa sarakunan Habsburg uku aiki a jere, ya kuma shafe shekaru yana gasa wa sarkin da ya raina shi aya a hannu, a Blenheim a 1704, a Turin a 1706, a Oudenarde a 1708. A 1717 ya ƙwace Belgrade daga hannun Turkawa.

Yaƙi ya yi masa riga da wando. Ga albashin shugaban majalisar yaƙi, ga na gwamnan Milan, daga baya na gwamnan yankin da yau ake kira Beljiyam, ga filaye a Hangari, ga kuɗin shiga na wasu gidajen ibada biyu a arewacin Italiya da ɗan'uwansa mai mulkin Savoy ya mallaka masa, ga ganima. Bai yi aure ba, bai haihu ba. Dukiyar sai ta tafi ga littattafai, da zane-zane, da tsirrai da namun dajin da ake kawo masa daga nesa, da kuma gini.

Salon ginin da ake yayi a lokacin shi ne wanda ake kira barok. A Rum ya fara wajen shekarar 1600, kuma Cocin Katolika da sarakuna ne suka raine shi, don dalili guda: a cika wa mai kallo ido har ya ji kansa ƙarami. Bango ba ya tafiya a miƙe sai ya lanƙwasa. Ana shafe ƙofa da madubi da ruwan zinariya. A rufin ɗaki ana zana gajimare da mala'iku da irin dabarar da za ta sa wanda ya ɗaga kai ya ga kamar rufin ya buɗe. Hatta bishiya ba a barinta ta yi yadda ta so, sai an aske ta ta zama murabba'i ko dala. Mai gidan yana gaya wa baƙo cewa dutse da ruwa da itace duk sun bi umarninsa, saura kai.

Magini da Yarima ya ɗauka shi ne Johann Lucas von Hildebrandt, haifaffen Genoa, wanda ya fara yi masa aiki a matsayin injiniyan soja a yaƙin Italiya. Ya gina masa gida biyu a fili ɗaya. Na gindin gangaren, wanda yau ake kira Belvedere ta Ƙasa, an gama shi a 1716, dogo ne, ba shi da tsayi sosai, kuma nan ne wurin zama a lokacin zafi. Na kan tudu, Belvedere ta Sama, an kammala shi a 1723. Tsakaninsu lambu ne mai hawa-hawa wanda wani Bafaranshe gwanin aikin ruwa, Dominique Girard, ya tsara, mutumin da ya koyi sana'arsa a lambunan Versailles. Wato Yarima ya ɗauko fasahar gidan sarkin da ya ƙi shi, ya dasa ta a gidansa.

Wanda ya taso daga gidan ƙasa zai yi ta hawa a hankali, yana wuce kududdufai masu feshin ruwa da mutum-mutumin zakuna masu fukafukai da kan mace, ginin sama yana ƙara girma a gabansa, da koren rufinsa na tagulla mai tudu da kwari. Masu yi wa baƙi jagora sukan ce an yi rufin ne ya yi kama da tantunan sansanin Turkawa. Idan ya shiga zauren ƙasa, abin da zai fara gani shi ne wasu ƙarti huɗu na farin dutse, tsokoki a murɗe, kai a sunkuye, suna ɗauke da rufin a kafaɗa. Kowa na ɗauka ado ne, alhali gyaran kuskure ne. Da farko Hildebrandt ya yi zauren babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya, sai rufin ya fara alamar zai rufto. A tsakanin 1732 da 1733 dole ta sa aka kafa ginshiƙai huɗu, shi kuwa ya mai da su siffar mutane. Daga nan matakala ce mai faɗi take kai mutum Zauren Marmara, mai tsayin hawa biyu, bangonsa jan marmara, rufinsa ɗauke da zanen Carlo Carlone da ke nuna ɗaukakar mai gida. Ta tagoginsa ana hango birnin gaba ɗaya a shimfiɗe, da hasumiyar babban cocin Stephen, can baya kuma tudun Kahlenberg, inda rundunar ceto ta gangaro a 1683. Hatta fadar sarki, Hofburg, tana ƙasa da ƙafar mai kallo. Bawan sarki ya gina gidan da yake leƙen gidan ubangidansa daga sama.

Musulmin da ya shiga gidan nan ba zai rasa ganin wani abu ba. A jikin bangon babban zauren gidan ƙasa an sassaƙa tarin makaman ganima da fursunoni a ɗaure, kuma ba a ɓoye ko su wane ne ba. Akwai kuma mutum-mutumin marmara da Balthasar Permoser ya sassaƙa, an kawo shi a 1721: Yarima cikin sulke, ƙafarsa a kan wani Baturke da ya faɗi, wata mace mai fukafukai tana shirin busa ƙahon yabonsa, shi kuma ya sa hannu ya toshe bakin ƙahon, wai shi mai kunya. Mutumin da ya gina fada biyu don a san shi, ya kuma biya aka sassaƙa tawali'unsa da marmara. Wannan tawali'u sai a karɓe shi da hannun hagu.

Gidan sama dai ba don zaman yau da kullum aka yi shi ba. Wurin karɓar jakadu ne, da liyafa, da rataye zane-zane. A gefensa akwai gidan namun daji mai keji a jere kamar buɗaɗɗen mafici, har da zaki. Wannan hali na gidan, na zama dandali fiye da zama muhalli, shi ya biyo shi har yau, kuma a ganina shi ne ya hana shi mutuwa. Gidan da aka yi daidai jikin mutum ɗaya yakan tafi tare da shi. Dandali kuwa kullum akwai mai neman aro.

Yarima Eugene ya mutu ranar 21 ga Afrilu 1736, a gidansa na cikin gari, bai bar wasiyyar da shari'a za ta karɓa ba. Dukiyar duka ta faɗa hannun 'yar ɗan'uwansa, Gimbiya Victoria, mai shekara hamsin da 'yan kai, wadda ba ta da wata shaƙuwa da shi ko da kayansa. Ta shiga sayarwa ba ji ba gani. Zane-zane da yawa suka tafi Turin wajen sarkin Sardiniya. Littattafansa wajen 15,000 Sarki Charles na 6 ya saye su, suna nan har yau a babban ɗakin karatu na ƙasar Ostiriya. Ta auri wani yarima da ta girme wa da kusan shekara ashirin, ta yi masa kyautar wani ɓangare na gadon, auren kuma bai je ko'ina ba. A 1752 Sarauniya Maria Theresa ta sayi gidan da lambunsa, kuma a wajen wannan lokaci ne sunan Belvedere ya kama shi.

Ita kuwa ba ta zauna ciki ba, tana da fadarta ta Schönbrunn. Sai ranar 17 ga Afrilu 1770 aka share shi, aka kunna dubban fitilu, aka tara dubban baƙi don bikin auren 'yarta Maria Antonia, yarinya 'yar shekara 14, da yarima mai jiran gadon Faransa. Ita ce duniya ta sani da Marie Antoinette, wadda masu juyin juya hali suka fille wa kai a Faris a 1793. 'Yar Marie Antoinette guda da ta tsira, da aka fito da ita daga kurkuku aka miƙa ta ga dangin uwa, ta yi zaman gudun hijira a Belvedere ta Ƙasa kafin aurenta a 1799.

Kafin wannan, an yi wa gidan sauyin da ya fi kowane tasiri. A 1776 Maria Theresa da ɗanta Joseph na 2 suka yanke shawarar kwaso zane-zanen gidan sarauta daga wani tsohon gini na cikin gari, a kai su Belvedere ta Sama, a kuma bar talakawa su shiga su gani. An buɗe a 1781, shekara goma sha biyu kafin Louvre ta Faris. Ba a biyan ko sisi, kwana uku a mako, sharaɗi shi ne mutum ya zo da takalmi mai tsabta. Wani ɗan birnin Basel, Christian von Mechel, shi aka ba aikin jera zane-zanen, fiye da dubu. A da, sarakuna kan rataye zane ne bisa girmansa da yadda zai dace da bango. Mechel ya raba su ƙasa-ƙasa da zamani-zamani, na Italiya a ɗakunansu, na Holan a nasu, na Jamus a nasu, yadda mai tafiya daga ɗaki zuwa ɗaki zai ga yadda sana'ar ta taso. Wasu masu zane na lokacin sun yi ƙorafi cewa ya mai da gidan ado makaranta. Abin da ya nufa ke nan, kuma kusan duk gidan tarihin zane da ke duniya yau a kan wannan tsari yake. Wanda ya san Gidan Makama a Kano, wanda ya fara a gidan ɗan sarki, ya zama ofishin Turawa bayan 1903, ya koma makaranta da gidan tarihi, ya san yadda irin wannan sauyi yake: ƙofar da da sai da iso ake shiga, yau ɗalibai ke layi a bakinta.

Sojojin Napoleon sun kwashi ɗaruruwan zane-zane a 1809, an dawo da mafi yawansu bayan faɗuwarsa. Gidan ya yi shekara ɗari da goma yana wannan aiki, har aka gina sabon gidan tarihi a kan babban titin da ya maye gurbin ganuwa, aka buɗe shi a 1891, aka kwashe komai. Belvedere ta koma kango mai tsabta. A wani ɗan gida na mai gadi da ke gefenta sarki ya ba tsohon mai tsara kiɗa Anton Bruckner masauki, saboda ƙafarsa ta daina iya hawa bene. Nan ya mutu a watan Oktoba 1896, bai ƙarasa babban aikinsa na tara ba.

A wannan shekara ce Sarki Franz Joseph ya ba ɗan ƙanensa, Franz Ferdinand, mai jiran gado, gidan sama ya zauna. Aka ja wutar lantarki, aka sa na'urar ɗumama ɗaki, kuma a karon farko iyali suka tare a Belvedere ta Sama da niyyar zama, da yara da masu raino. Franz Ferdinand mutum ne mai zafin rai, maharbin da littafin farautarsa ya nuna ya kashe dabbobi fiye da 270,000. Amma ya yi abu guda da ya sa ake tausaya masa. Ya nace sai ya auri Sophie Chotek, 'yar dattawan Bohemiya wadda a ma'aunin gidan Habsburg ba ta kai matar sarki ba. Sarki ya yarda da sharaɗi: ranar 28 ga Yuni 1900 Franz Ferdinand ya yi rantsuwa a gaban manyan fada cewa matarsa ba za ta zama sarauniya ba, 'ya'yansu kuma ba su da rabo a sarauta. Daga nan fadawa suka sa ta a gaba. Ba ta shiga keken dokin sarauta tare da mijinta, ba ta zama kusa da shi a gidan wasa, a taron fada kuma sai ƙaramar gimbiya ta shige kafin ita. A Biyana, a Belvedere kaɗai take uwargida.

Mijin ya mai da gidan wata gwamnati ta bayan fage. Ofishinsa na harkokin soja yana gidan ƙasa, kuma 'yan siyasa da malamai daga ƙananan ƙabilun daular, Romaniyawa da Slobakawa da Kuroshiyawa, suna ta zarya da shawarwarin yadda za a rage wa manyan Hangari ƙarfi. Ɗaya daga cikinsu, Aurel Popovici, ya wallafa tsari a 1906 na raba daular zuwa jihohi goma sha biyar bisa harshe. Ko da Franz Ferdinand ya hau gado zai aiwatar da irin wannan, masana tarihi ba su daidaita ba, shi dai ba mai son mulkin jama'a ba ne. A gefe guda kuma, a 1903, gwamnati ta buɗe wurin nuna zanen zamani a wani sashe na gidan ƙasa, irin zanen da shi mai gidan ya tsana. A 1908 ta sayi wani zane na Gustav Klimt, mace da namiji rungume cikin mayafin zinariya, kan kuɗi kuron 25,000. Shi ne ake kira Sumba.

A watan Yuni 1914 Franz Ferdinand ya tafi Bosniya duba atisayen soja. Da yake a matsayin hafsan soja ya je, dokar fada ba ta hana matarsa zama kusa da shi a mota ba. Ranar 28 ga wata, shekara goma sha huɗu daidai da ranar rantsuwarsa, wani matashi ɗan Sabiyawan Bosniya, Gavrilo Princip, ya harbe su duka biyu a Sarajevo, birnin da mai gidan na farko ya ƙone. Bayan wata guda Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, bayan shekara huɗu babu daular Habsburg. Sabuwar jamhuriyar Ostiriya ta karɓe gidan ta mai da shi gidan zane na ƙasa.

Sashen da ke biye shi ne wanda takardun jawo 'yan yawon buɗe ido suke wucewa da sauri. Da Hitler ya haɗiye Ostiriya a watan Maris 1938, shugaban gwamnati Kurt Schuschnigg yana zaune a wani gida cikin harabar Belvedere, nan aka fara yi masa ɗaurin talala. 'Ya'yan Franz Ferdinand maza biyu, waɗanda suka yi wasa a wannan lambu, an tura su sansanin Dachau. 'Yan Nazi kuwa sun gane amfanin gidan nan take. Ranar 2 ga Nuwamba 1938 ministan harkokin wajen Jamus, Ribbentrop, da na Italiya, Ciano, suka zauna a ciki suka yanke kudancin Slobakiya suka ba Hangari. Ranar 30 ga Agusta 1940 suka sake zama, suka gutsure arewacin Transilbaniya daga Romaniya, ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita wajen 43,000, ita ma suka ba Hangari. Da aka shimfiɗa taswirar a gaban ministan Romaniya, Mihail Manoilescu, ya ga inda layin ya bi, sai ya faɗi a sume a kan tebur. A 1944 Yahudawan wannan yanki fiye da 130,000 aka loda a jiragen ƙasa zuwa sansanin Auschwitz.

A Belvedere ne kuma Hangari ta sa hannu ta shiga ƙawancen Jamus a Nuwamba 1940, Bulgeriya a ranar 1 ga Maris 1941, Yugoslabiya a ranar 25 ga wannan wata, Hitler da kansa ya zo Biyana. Kwana biyu bayan haka sojojin Yugoslabiya suka kifar da gwamnatinsu da ta sa hannun, ranar 6 ga Afrilu jiragen Jamus suka yi wa Belgrade ruwan bama-bamai. Sunan Yarima Eugene ma ba a bar shi ba: an laƙaba shi ga wani jirgin ruwan yaƙi, da kuma wata rundunar SS ta 'yan Nazi da ta yi kisan gilla a ƙauyukan Yugoslabiya. A ƙarshen yaƙin bama-bamai sun faɗa wa gidajen biyu, gyara ya ɗauki shekaru.

Shekara goma Ostiriya ta yi a hannun sojojin ƙasashe huɗu, Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet. Bayan mutuwar Stalin, shugaban Sobiyet, ƙofa ta buɗe. A watan Afrilu 1955 shugaban gwamnati Julius Raab ya jagoranci tawaga zuwa Mosko, aka daidaita: Ostiriya za ta zama 'yar ba-ruwanmu irin Suwizalan, za ta biya Sobiyet kayan dala miliyan 150 da kuma ɗanyen mai na shekaru, su kuma sojoji su fice. Ranar Lahadi 15 ga Mayu aka jera tebura a Zauren Marmara. Molotov na Sobiyet ya zo, da Dulles na Amurka, da Macmillan na Birtaniya, da Pinay na Faransa. Ministan harkokin wajen Ostiriya, Leopold Figl, ɗan manoma wanda ya sha ɗauri a Dachau da Mauthausen, ya sa hannu, ya yi ɗan jawabi, ya rufe da cewa Ostiriya ta sami 'yanci. Sannan suka fito baranda, ya buɗe kundin ya ɗaga wa dubban mutanen da suka cika lambu. Kusan duk ɗan ƙasar zai rantse maka cewa a kan baranda Figl ya faɗi wannan kalma. A cikin zaure ya faɗe ta. Masu haɗa fim ɗin labarai ne suka ɗora muryar a kan hoton baranda, haka kuma ta zauna a zukata. Asalin kundin ma ba a Biyana yake ba, yana Mosko.

Akwai wani abu da ya faru ana gobe sa hannu. A gabatarwar yarjejeniyar akwai jimlar da ta ɗora wa Ostiriya wani kaso na alhakin yaƙin. Figl ya roƙi ministocin huɗu a cire ta, suka cire. Daga nan ƙasar ta rungumi labarin cewa ita ce ta farko da Hitler ya zalunta, ta yi shiru a kan dubun dubatar da suka yi masa maraba a 1938. Sai a 1991 shugaban gwamnati Franz Vranitzky ya tsaya a majalisa ya amsa cewa 'yan ƙasar da yawa sun yi tarayya a laifin. Da aka zo buga kuɗin yuro, ƙofar Belvedere aka sa a bayan kwabon santi 20 na Ostiriya, kuma dalilin da aka bayar shi ne 1955. Ba laifi ba ne ƙasa ta yi murna da ranar 'yancinta, amma zauren da take taƙama da shi ya ga wasu tebura kafin wannan.

Shirun ya kai har bangon gidan. Zanen da ya fi kowane farin jini bayan Sumba shi ne hoton Adele Bloch-Bauer, wanda Klimt ya gama a 1907, matar wani attajiri Bayahude mai masana'antar sukari. Ta mutu a 1925, ta bar roƙo a wasiyyarta cewa mijinta ya bar wa gidan zanen hotunan bayan ransa. Mijin ya tsere a 1938, aka ƙwace duk abin da ya mallaka, wani lauyan 'yan Nazi ya miƙa hoton ga Belvedere a 1941, aka cire sunan matar don kada a san Bayahudiya ce. Mijin kuwa ya mutu a Zurich a 1945, ya bar dukiyarsa ga 'ya'yan ɗan'uwansa. Fiye da shekara hamsin gidan yana cewa wasiyyar Adele ce ta ba shi. A 1998 wani ɗan jarida, Hubertus Czernin, ya tono takardun, ya nuna cewa hotunan na mijin ne, roƙon matar kuma ba ya ɗaure kowa. Magajiyar da ta rage a cikinsu, Maria Altmann, tsohuwa mai zaune a Los Angeles, ta so ta kai ƙara a Biyana, kuɗin shigar da ƙara ya fi ƙarfinta, sai ta kai a Amurka. A 2004 Kotun Ƙolin Amurka ta ce tana da ikon ƙarar gwamnatin Ostiriya, a watan Janairu 2006 kuma alƙalan sulhu uku, dukansu 'yan Ostiriya, suka ce a mayar mata da zane biyar. Tana da shekara 89. Mutane sun yi dogon layi don yi wa hoton kallon ban kwana, wasu na cewa an raba ƙasa da dukiyarta. Kayan sata ne aka mayar wa mai shi, kuma an makara. An sayar da hoton dala miliyan 135, yana New York yanzu.

Yau Sumba ce ke ciyar da gidan. Baƙi fiye da miliyan ɗaya da rabi ke shiga a shekara mai kyau, akasarinsu kai tsaye suke wucewa ɗakin da take, su ɗaga waya, su juya mata baya su ɗauki hoton kansu. Ana buga ta a jikin kofi da laima da gyale. A 2022 hukumar gidan ta yanka hoton zanen na kwamfuta gida 10,000, ta sa wa kowane yanki yuro 1,850 ga mai son ya ce ya mallaki wani abu a intanet. Lambun kuwa kyauta ake shiga, da sassafe 'yan unguwa ne ke gudun motsa jiki a tsakanin zakunan dutse.

Rigimar da ta fi zafi a 'yan shekarun nan ba a cikin gidan take ba, a gaban tagarsa take. Wajen 1760 Bernardo Bellotto ya zana Biyana yadda ake hango ta daga Belvedere ta Sama, kuma tun daga lokacin wannan hange ya zama abin da ake auna birnin da shi. A 2001 hukumar UNESCO ta sa tsakiyar Biyana, har da Belvedere, cikin wuraren tarihi na duniya. Sai ga wani mai harkar gine-gine ya fito da shirin dogon bene a unguwar Heumarkt, a tsakiyar wannan hange, kuma majalisar birni ta amince masa. A 2017 UNESCO ta mai da tsakiyar Biyana cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari. Tsayin benen da aka amince da shi mita 66 ne, ita kuwa hukumar ta ce kada ya wuce 43.